Maɓallin da ke hannun Yaya

Baban yara,

Na tafi aiki, ban so in tashe ka ba. Madarar 'yan biyu tana cikin fulas. Ƙarami ya sha, saura Babba.

In Yaya ta tashi za ka ga shatin yatsu a kumatunta. Ni ce. Na fito daga wanka na tarar ta cusa yatsa a bakin Ƙarami, yana ta kakari. Ban tsaya tambaya ba na kwaɗa mata mari. Ta yi ta kuka har barci ya kwashe ta. Da na zo gyara mata kwanciya na ga hannunta a dunƙule, na buɗe. Maɓallin rigar aikina ne, wanda ka yi ta cewa in ɗinke, jiƙe da yawu. Shi ta ciro masa.

Kada ka ba ta haƙuri a madadina, da bakina zan yi. Ka dai ɗora ta a cinya yau. Tun da aka haifi ƙannenta muke kiranta Yaya, har na manta ita ma jiya-jiya aka sauke ta daga bayana.

Maman yara