Kasko a Bayan Keke

Zuwa ga Yayana Zamfir,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙaninka Toader. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da ƙarfinka, kai da Tudora da yara, ya kuma sassauta wa Mama tarin nan da ke taso mata da zarar sanyi ya shigo. Shekara ta huɗu ke nan rabona da gida, tun ranar da ka raka ni tashar Slobozia kana faɗa da direba a kan inda zai cusa jakata. Na samu labarin 'yarka Smaranda ta sauka lafiya, an samu mace. Allah ya raya ta, ya sa ta ɗauko haƙurin uwarta, kada ta ɗauko bakin kakanta. Na ji kuma fari ya ƙone muku masara bana. Ni dai ina nan da raina, furfura ta cika kai, bayana kuma babu dutsen da bai ɗauka ba a nan yankin Liguria.

Na ɗauki biro ne maimakon waya domin in na kira ka ba ka barina in kai ƙarshen zance, wannan kuwa zancen keke ne, na san da tun a farkonsa za ka katse ni ka fara koyarwa.

Ka san ina aiki a gonar zaitun ta Sinyor Anselmo, can saman tudu a Roccaverna, amma a kwari nake kwana, don gidajen sama duk Jamusawa sun saye, su zo wata ɗaya su rufe tagogi su tafi. A watan Satumba aka soke motar safe da ke hawa da mu, wai babu fasinja. Ni da tsofaffin mata biyu da muke shiga kullum, ashe ba a lissafa mu a mutane. Titin kwalta zagaye yake yi mai nisa, sai dai tsohuwar hanyar alfadarai, gajeriya amma a tsaye take kamar tsani. Sai na sayi keken hawan dutse na hannu, mai kaurin taya, wajen wani mutumin bakin teku wanda bai taɓa kai shi ko'ina ba sai shagon askirim. Farantin sarƙa ɗaya ne a gaba, faya-fayan haƙoran baya kuwa ya sa an canza masa ƙanana, babbansu haƙori ashirin da takwas. Da na gani har daɗi na ji, don na tuna karatunka a ƙofar gida, cewa namiji ba ya ɗora sarƙa a babban faifai, wannan na tsofaffi ne da masu kai ƙwai kasuwa. Na manta cewa ka koya mini haka ne a ƙasar da tudunta mafi tsawo shi ne gadar jirgin ƙasa.

Yaya, na sha wuya. Akwai wani ɗan ɗakin addu'a na Maryamu a wata kwana, daga nan hanyar take miƙewa sama. Kullum a nan ƙafafuna suke mutuwa, in sauka in tura. Gwiwar hagu ta kumbura ta yi kamar kabeji. In isa gona a makare, sharkaf da gumi, ban fara aiki ba na riga na gaji. Anselmo ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa cin haƙƙina ba. Amma ya kira ni gefe ya ce da zarar an fara girbi a farkon Nuwamba, dole a shimfiɗa raga a ƙarƙashin itatuwa kafin masu kakkaɓa su iso, in har zai riƙa riga ni zuwa, to zai ɗauki wani yaron garin Imperia mai mota, aikin gyaran katangun dutse na lokacin sanyi ma shi zai ba. Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiyarsa ce, zaitun ba ya jiran gwiwar kowa. Ni kuma shekarata hamsin da uku, wa zai ɗauke ni a tsakiyar sanyi?

Sai na tura keken wajen Sinyora Ornella, mai gyaran kekuna a kwari, wadda ta gaji shagon mijinta. Gajeriya ce, hannunta baƙi ƙirin da mai, tabarau a rataye a wuya. Ta juya tayar baya, ta dube ni, ta dubi gwiwata, ta ce wai ni ba abin da nake buƙata sai padella, babba kuwa. Padella a bakinsu kasko ne, na suya. Ka san shekara huɗu ina jin magana a kaikaice a ƙasar nan, kunnena ya saba neman zagi ko a cikin gaisuwa. Nan take na fassara ta: ko dai tana nufin yunwa ce ta hana ni hawa, ko kuma irina madafa ta dace da shi ba keke ba. Na ce mata ina da kasko a ɗakina, kuma da gumina na saye shi, na ja kekena na fita. Tana kira, kai ɗan Romaniya tsaya mana, ban ko waiwaya ba.

Haka na ci gaba da turi, girbi yana matsowa. Wata safiya na shigo dandalin Roccaverna ina ɗingishi, tsofaffin garin suna zaune a ƙofar mai shayi da kofi kamar kullum. Cikinsu akwai Bartolo, ya haura saba'in, ya yi tseren keke da ƙuruciya, har yau aske gashin ƙafarsa yake yi irin na 'yan tsere. Ya ɗaga murya ya tambaye ni wai tsakanina da keken wa ke hawan wani, kuma nawa keken yake biyana. Na ci gaba da tura kekena. Sai ya ƙara da cewa in ina son ganin jikokina in je a sa mini padella. Yaya, a nan na fashe. Na jefar da keken na ce su duka sun haɗa baki ne, me ya dame su da kaskona, ni nake tuƙa tuwon masarata, ni nake soya ƙwaina, ban taɓa roƙon ɗayansu abinci ba. Sai dariya ta ɓarke, Bartolo ya ƙware da kofi har ana bubbuga masa baya. Da ya farfaɗo ya kamo ni ta riga ya kai ni wajen nasa keken, ya nuna mini baya. Faifai ne jibgege, faɗinsa kamar a fasa ƙwai uku a kai. Ashe sunan da suke kiran babban faifan baya ke nan, kowane mai keke a ƙasar ya sani, sai ni.

Komawa shagon Ornella ya fi mini hawan tudun wuya, amma na koma. Ba ta ja zancen ba, ta dai ce a'a, mai girki ya dawo, Allah ya sa bai ƙona miya ba. Ta jera mini jeri uku na faya-fayan baya a kan tebur, duk ƙaraminsu haƙori sha ɗaya, amma babban na farko talatin da shida, na biyu arba'in da biyu, na uku hamsin. Hannuna ya tafi kan mai talatin da shida, don muryarka tana kunnena. Ta buge hannun. Ta shiga yi mini tambaya kamar likita: a ina nake sauka, shekaruna nawa, me nake goyo a jaka, hanyar ƙasa ce ko dutse bayan ɗakin addu'a. Sannan ta ce talatin da shida zai wuce da ni ɗakin addu'a, amma zai yashe ni a shimfiɗar duwatsun da ke sama. Hamsin kuwa ƙarfen da ke ɗaga sarƙa a kekena ba zai kai shi ba, sai an sake komai, kuɗin ya fi na keken, ita kuma ba ta sayar wa mutum abin ado. Arba'in da biyu ne nawa, da sabuwar sarƙa, don tsohuwar za ta cinye sababbin haƙora, da wani ɗan ƙarfe da zai sauko da mai ɗaga sarƙar ƙasa kaɗan. Ba ta ɓoye mini aibinsa ba: tazara tsakanin faifai da faifai tana da yawa, a shimfiɗaɗɗen titi zan nemi wanda ya yi mini daidai in rasa. Ta kuma gargaɗe ni in canza tun kafin tudu ya kama ni, ba ina danne feda da ƙarfi ba. Na tambaye ta ko ba za a yi mini dariya ba. Ta ce bawan Allah, ai dariyar an daɗe da farawa, kuma marigayi mijinta ma haka ya yi ta alfahari da ƙananan haƙora, da sanda ya ƙare tafiya. Sai na ce ta ɗaura mini.

Ranar farko ta girbi na fito da sanyin safiya. Kafin kwanar na mayar da sarƙa kan kaskon, ta hau ba ko ƙara. Ƙafafuna suka shiga juyi kamar na tela a kan keken ɗinki, keken kuwa yana tafiya a hankali har wata akuya ta raka ni tana kiwo ba ta ko ɗaga ƙafa ba. Amma, Yaya, ina zaune. Na wuce ɗakin Maryamu a kan sirdi, ban iya sakin hannu in yi alamar gicciye ba, sai na sunkuyar mata da kai. A kan duwatsun tayar gaba ta fara ɗagawa, na kwantar da ƙirji kamar yadda aka koya mini, ta koma ƙasa. Gwiwar tana magana, amma ba ihu take ba. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba sai a tsakiyar dandali. Tsofaffin nan suka miƙe tsaye, Bartolo yana kaɗa cokali a kofi yana kururuwar a kawo ƙwai, kasko ya yi zafi. Rabon da in yi dariya irin ta ranar, tun muna gida.

Lokacin da 'yar motar Anselmo mai ƙafa uku ta iso, na riga na shimfiɗa raga a gefen gonar gaba ɗaya ina cin burodina. Ya dubi ragar, ya zagaya keken ya tsuguna ya dubi bayansa. Haka gobe, haka jibi, har aka kai ƙarshen girbi bai riga ni ba ko sau ɗaya. Ranar da muka kai buhun ƙarshe injin matsa, ya miƙo mini makullin sito ya ce katangu nawa ne har bazara, girbin baɗi ma kada in yi wa kowa alkawari. Makon jiya muka sa hannu a takardar aiki.

Ban ce karatunka ƙarya ba ne. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu ta Bărăgan gaskiya ne, in na dawo ma zan hau ƙaramin faifai in bi ka har bakin kogi. Amma a nan ka bar ni da kaskona.

Saura mai nauyin. Katangun ba sa jira, ruwan sanyi ne ke rushe su, saboda haka bana ma ba da ni za a yi Kirsimeti ba. Kai za ka gaya wa Mama da bakinka, a zaune, bayan ta ci abinci, kada ka bar wa Tudora. Ka ce mata aiki na samu, ba rasawa na yi ba. Ka gaishe ta da kyau, ka gaida Tudora, da Smaranda da mijinta Ilarion da jaririya, da Inna Paraschiva, da Kawu Neculai in yana gane mutane a ranar.

Ga abin da na iya ajiyewa, direban motar Asabar zai sauke muku: man zaitun gwangwani uku, ɗaya na Mama ne ita kaɗai, bargon ulu guda, da takalmin sanyi ƙafa biyu. Ba yawa, amma ina da aiki har bazara.

Ƙaninka,
Toader