Na Ce Gwaggona Ta Rasu, Ga Shi Malamarmu Za Ta Zo Gaisuwa

Malam Kailani, don Allah ka taimake ni, kuma ka sa wasiƙata a gaba, domin matsalata tana da rana: Asabar ta makon gobe, bayan azahar.

Ni ɗaliba ce a aji uku a jami'a, gidanmu yana Tudun Wadar Zariya. Yayar mahaifina, Gwaggo Rakiya, tana da shagon atamfa da mayafai da turaren wuta a bakin kasuwa. Tun ina aji ɗaya muka shirya da ita zan riƙa zama mata daga la'asar zuwa magariba, da wunin Asabar, ita kuma tana ba ni abin da nake hawa mota da sayen takardun karatu. Ba ta taɓa tauye min ba, gaskiya, har mayafi takan ba ni idan sabon kaya ya zo.

Matsalar ita ce Gwaggo mutuniyar mutane ce. Babu suna, babu biki, babu zaman makoki daga Gyallesu har Hanwa da za a yi ba ta je ba. Ko maƙwabciyar kishiyar ƙawarta ce ta haihu, sai ta ɗauki jaka. Sai ta kira ni da safe, ina shirin lakca, ta ce in zo in riƙe mata shago na minti goma. Malam, minti goman Gwaggo bai taɓa ƙarewa kafin azahar ba. Kuma ba na iya rufewa in tafi, saboda makullin ƙofar ɗaya ne tak, yana cikin jakarta. Sau ɗaya na roƙi Madam Nwanneka mai shagon kusa da mu ta sa min ido, Gwaggo ta yi kwana uku tana mita, wai na bar wa mai sayar da atamfa gadin masu sayen atamfa.

To akwai wani kwas na ƙididdiga da Dokta Atika take koyar da mu, ƙarfe goma ranar Talata. Wanda bai ci shi ba, ba zai fara aikin bincike a aji huɗu ba, wato ƙarin shekara ke nan. Sau biyu na rasa ajinta, sau biyu na ce mata an yi mana rasuwa. Na lallashi kaina cewa ba ƙarya ba ce sosai, tunda dai an yi rasuwar, kuma Gwaggo tana can a madadin danginmu. Talatar da ta wuce kuwa gwaji na rasa ɗungurungum, ina zaune ina auna wa wata mata leshi.

Washegari na je ofishinta na sake faɗin abin da na saba. Wannan karon sai ta ajiye biro ta tambaye ni wa ya rasu. Wallahi ban shirya ba. Sunan da ya fi kusa da bakina, saboda haushin da nake ji, shi ne ya fito. Na ce Gwaggona ce, Gwaggo Rakiya. Ashe ita ma gwaggonta ce ta riƙe ta tun tana ƙarama. Idonta ya ciko, ta yi doguwar addu'a, ta ce za ta sake shirya min gwajin. Sannan ta nemi kwatancen gidanmu, ni kuma na ba ta na gaskiya, don kaina ya riga ya tsaya. Ta ce tana da taro a wani gari, sai Alhamis ta makon gobe za ta dawo, amma Asabar za ta zo da wasu 'yan ajinmu su yi wa Baba da Inna gaisuwa.

Yanzu haka zauren ajinmu na waya cike yake da addu'ar Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta. Ina karantawa tana gabana tana shan rake. Baba kuwa tsohon malamin makaranta ne, duk Asabar yana ƙofar gida a kan tabarma, shi za su fara tararwa su yi wa gaisuwar yayarsa.

Ƙawata Sumaiya ta ce in kai su wani gida a Hanwa da aka yi rasuwar gaske, na ce mata ai Gwaggo za mu fara gani a tsakar gidan. Ta ce to in ce duk mun tafi ƙauye. Ni dai ba na iya cin abinci. Ba na son in rasa gwajin nan, ba na son in rasa shagon, don ba zan iya komawa roƙon Baba kuɗin mota ba. Yaya zan yi?

Mai Jiran Shago, Tudun Wada

'Yata Mai Jiran Shago,

Na tsallake wasiƙu bakwai saboda taki, ciki har da ta wani bawan Allah da surukarsa ta tare masa a falo. Shi zai iya jira.

Na karanta littattafai da yawa inda marubuci ke kashe mutum don labarinsa ya ci gaba, amma ban taɓa ganin wanda ya koma da la'asar ya riƙe wa mamacin shago ba. Kin yi mantuwa guda, wadda bai kamata 'yar Zariya ta yi ba. Ciwon kai ana yi wa mutum sannu a wuce. Rasuwa kuwa takawa ake yi a je. Kin zaɓi uzurin da, a garinmu, idan aka yarda da shi sai an biyo mutum har gida.

Ki bar shawarar Sumaiya. Tana ƙaunarki, amma kada ta kuskura ta nemi aikina. Idan kika ce kun tafi ƙauye, Dokta za ta tambayi ranar dawowa. Mace mai irin wannan zuciyar ba ta mantuwa, kuma kina da sauran shekara da rabi a gabanta. Za ki yi su kina addu'ar kada ta taɓa sha'awar sayen atamfa a Tudun Wada.

Ranar Juma'a da safe ki je ofishinta, ke kaɗai, ba saƙon waya ba. Jumlarki ta farko ta zama cewa Gwaggo tana da rai kuma ƙarya kika yi. Kada ki fara da tarihin shago, don idan bayani ya riga gaskiya fita, kunne yakan ji shi a matsayin sabon uzuri. Ki haɗa da rasuwa biyun farko. Ki ba ta haƙuri musamman a kan hawayenta, domin abin da kika taɓa ya fi maki tsada a wurinta. Kuma kada ki roƙi gwajin. Da ƙarya kika same shi, ki mayar. Idan ta bar miki, alherinta ne. Idan ta janye, ki tambaye ta cikin ladabi ko akwai sauran hanyar cin kwas ɗin ta babbar jarrabawa, ki koma ki yi wa ƙididdiga zaman dirshan. Ba zan yi miki alkawarin cewa za ki tsira da shekarar ba. Abin da na sani shi ne, malamar da aka gaya wa gaskiya a ofis tana iya sassautawa, amma wadda ta durƙusa gaban mahaifinki da ɗalibai goma a bayanta, ya ce mata wace Rakiyar, ba na jin za ta iya. Daga nan ki rubuta wa 'yan ajinku layi biyu da kanki. Za su yi dariya na mako ɗaya, sai wani ya yi abin da ya fi naki.

Yanzu Gwaggo. Kafin ki ɗora mata duk laifin, ki duba. Yawon zumuncin nan rabinsa ibada ne, rabinsa kasuwa, don matan da take zama da su a gidan suna su ne suke zuwa sayen leshi. Sannan na karanta wasiƙarki sau biyu, ban ga inda kika taɓa ce mata kina da gwaji ba. Ta kira, kin ce to. A ganinta jami'a wuri ne da ake leƙawa idan an samu sarari, tunda haka kika nuna mata. Laifinta shi ne minti goman da ta san ba goma ba ne, da makulli ɗaya a shagon mutum biyu.

Ki fara gaya wa Inna a ɗaki, ita ta san lokacin da ake tunkarar Baba. Shi malami ne, ya san abin da rasa gwaji yake nufi, kuma ƙani yana iya gaya wa yayarsa abin da ke ba za ki iya ba. Ya raka ki wurinta, ta ji labarin rasuwarta daga bakinki kafin ya iso ta ta kasuwa. Za ta yi faɗa, kuma tana da gaskiya, ki sunkuyar da kai. Idan ta huce, ku yanka makulli na biyu, ki rubuta ranaku da awannin lakcarki da manyan baƙaƙe ki manna a bangon shago, a kuma yarda cewa a waɗannan awannin wayarki a kashe take. Ranar da biki ya haɗu da aji, a rufe shagon. Atamfa ba ta lalacewa kafin la'asar.

Allah ya sanyaya zuciyar malamarki, ya ba ki sa'ar kwas ɗin nan. Gwaggo kuwa Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Idan faɗan ya yi tsanani, ki tuna mata cewa ba kowa ba ne aji guda na jami'a ke nema wa gafara tun yana da rai.

Malam Kailani