Citta a Kan Kabarin Tsohon Dagaci

Laraba da dare, Kafanchan

Barci ya ƙi zuwa. Yau Mista Liu, ɗan Chana mai sayen citta da nake koya wa Turanci, ya kawo mini takardar da dattawan ƙauyenmu suka rubuta masa. Ashe a kan simintin kabarin tsohon dagaci ya shanya citta, har ya zauna a kai ya ci abinci! Ya nuna kalmar "abomination", wato babban abin ƙyama, ya ce, "Malama, mene ne wannan?" Sai na ce ɗan rashin ladabi ne kawai. Ya yi dariya, wai gobe zai kai musu lemo ya ci gaba da shanyarsa. Yesu, taimake ni. Kowa ya san ni ce bakinsa, kuma rubutun takardar nan hannun Baba ne.