Mayyar da Mijina Ya Rubuta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar? Na san ba ki daina hawa benen nan sau goma a rana ba. Mu nan lafiya lau, 'yarki tana gaishe ki.

Kin tambayi labarin taron ƙaddamar da littafin ƙanin naki, maigidan nawa. An yi, na huɗu a jerin Tsibiran Sama ya fito. Labarin dai shi ne wanda kika sani: tsibirai suna yawo cikin gajimare, jarumi yana bin su a jirgi mai fukafukai yana ceton jama'a, duk macen da ta gan shi sai ta rikice. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, ba ya tsoron komai. Wanda ya ƙirƙiro shi kuwa, ranar da ƙadangare ya shiga banɗaki, ina wurin aiki ya kira ni in zo in fitar.

Ukun farko ni na buga masa a kwamfuta, ina gyara masa inda ya kashe mutum a babi na biyu ya manta ya dawo da shi a na tara. Wannan karon ya ce ya samu ƙwararru, don haka ban ga littafin ba sai a wurin taron. Na ci ado na zauna a layin gaba. Da ya tashi karanta wani yanki, sai ya zaɓi inda sabuwar mayyarsa ta fito, wai Uwar Toka. Tana zaune a ɗaki cike da kwalabe tana haɗa magunguna. Tana da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. In ranta ya ɓaci, sai ta cire tabarau ta ninke kafin ta buɗe baki.

Yaya, shekarata goma sha huɗu a ɗakin magani na asibiti, tabon dutsen guga kuma a gabanki na same shi. Har maganar da mayyar ta gaya wa jarumin, cewa shi ba mugu ba ne, rago ne kawai mai son a tafa masa, ni na faɗa wa ƙanin naki a kicin bara. Ko wasali bai canza ba.

Zauren ya kwashe da dariya. Matar da ke gefena ta dubi hannuna, ta dubi tabarauna, ta zunguri ƙawarta. Na ja hannun riga na rufe, na zauna kamar an dasa ni har aka tashi.

A mota na yi masa magana. Ya ce ban fahimci adabi ba, kamata ya yi in gode masa tunda ya sa za a daɗe ana tunawa da ni. Mai adabin nan ko inda ake ajiye cokali a gidansa bai sani ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan jiki ya yi sauƙi kuma yara suna karatu. Na ga saƙonki, na kuma ji shawararki ta in yi haƙuri. Ina kai.

Littafin ya samu karɓuwa fiye da duk na baya, har an sake bugawa sau biyu. Abin dariyar shi ne, masu karatun ba ruwansu da jarumin. Uwar Toka suke so. A zaurukansu na waya maganganunta suke ta yawo da su, wato maganganuna. 'Yan mata suna zana tabo da biro a hannu. Makon jiya wasu biyu suka bi layi har tagar da nake ba da magani, ba takardar likita ba komai, wai hoto suke so mu yi. A bayansu ga wani tsoho yana jiran maganin hawan jini. Na ce su ba shi wuri.

Shi kuwa yanzu kai ya kumbura. Ya sayi wata hula mai faɗi da yake sawa in za a yi hira da shi, yana magana a hankali yana lumshe ido, wai kalmomin ne suke zuwar masa. Ni na san daga inda suke zuwa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini shi ne 'yarki. A makaranta sun sa mata 'yar mayya, in ta ajiye kwalbar ruwanta sai su ce kada kowa ya taɓa. Kwana uku ta ƙi fita daga ɗaki. Na same shi a teburinsa na gaya masa, ina zaton zai tashi ya je ya ga shugabar makarantar. Ya saurare ni da kyau, har na fara jin sanyi. Sai ya jawo takarda ya tambaye ni ainihin kalmomin da yaran suka yi amfani da su.

Ni na je makarantar. Daga ranar kuma na rufe bakina a gidan nan. Ina gaishe shi, ina ce masa abinci ya sauka, shi ke nan.

Ashe kamfanin da ke buga masa sun ce na biyar ya zama na Uwar Toka daga farko har ƙarshe. Wata biyu ke nan yana zaune gaban kwamfuta yana wasan kati. Da ya ga ba ci gaba, sai ya koma tsokana. Ya jefa jiƙaƙƙen tawul a kan gado, ya kushe girki, ya ce danginmu ba mai karatu. Jiya ina share tebur na ɗaga jarida, sai ga wayarsa a ƙasa tana ɗaukar murya. Na goge wurin tas, na mayar da jaridar yadda take.

Kada ki gaya wa Mama, ba ta da lafiyar jin wannan.

Taki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Na ji an yi miki allurar gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe mini shirun da na yi, ina ta kai da kawo ne.

Na biyar ya fito watan jiya. Wata nas ta ara mini nata na karanta a lokacin hutun rana. Uwar Toka ta koma yin dogon jawabi shafi uku-uku a kan ƙaddara da taurari. A ƙarshe ta durƙusa gaban jarumin tana kuka, ta ce duk abin da ta faɗa masa hassada ce, ya yafe mata, ya ɗauke ta aikin share jirgi. Na yi dariya har sai da abokiyar aikina ta leƙo.

Masu karatu ba su yi dariya ba. Waɗanda suka ɗaga shi sama su suka sako shi. Wani ya rubuta cewa wannan ba Uwar Toka ba ce, jarumin ne aka ɗaura wa zane. Wata ta ce a fito da wanda ya rubuta na huɗu. Ba wai ina ganin girmansu ba ne, mutanen da suka ga tabona abin wasa, amma kunnensu yana aiki. A laburare aka shirya masa karatu, kujera sittin, mutum tara suka zo, biyu ma masu gadi ne. Hular ta koma cikin kwali.

Ran nan ina wanke-wanke ya zo ya tsaya a bakin ƙofar kicin, ya daɗe, sannan ya ce, "Ki yi mini faɗa mana, ko sau ɗaya."

Na juyo na dube shi. Na lalubi fushin nan da na yi shekara ina riƙo, ban same shi ba. Wani mutum kawai na gani da furfura da silifas, wanda har yau bai tambayi yadda 'yarsa ta ƙare da makaranta ba. Na ci gaba da wanke tukunyata.

Yaya, na nemi canjin wurin aiki zuwa asibitin da ke kusa da ku, kuma an ba ni. Na samar wa 'yarki makaranta a can. Ina roƙon ki ba mu ɗakin baƙi zuwa lokacin da zan samu gida. Kada ki aiko kowa ya ba ni baki, na gama tunani.

Na gaya masa shekaranjiya. Na ɗauka zai tambayi yaushe, ko yarinyar fa. Sai kawai ya tambaye ni ko na karanta sabon littafin, kuma yaya na gan shi. Na ce na karanta, kuma shi ne na farko da na tabbata shi ya rubuta abinsa tun daga bango har bango.

Ya yi murmushi, Yaya. Har godiya ya yi mini.

Muna tafe ranar Asabar da motar safe. Kada ki wahalar da kanki da hawa bene, mu za mu gyara ɗakin. Ki gaishe da maigidanki da yara, Mama kuma ni zan yi mata bayani da bakina.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta