Sai-ka-dawo na Likoro

Gwaggo Bilki, don girman Allah ki taimake ni, an laƙaba mini suna a Likoro ya ƙi fita. Manomi ne ni, ban taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba, amma yau babba da yaro Sai-ka-dawo suke ce mini.

Ga mafarin abin. Matata Zulai tana kiwon awaki. Ni kuma in buƙata ta taso, taki ne ko gyaran babur, sai in ja ɗaya zuwa kasuwar Makarfi. Ban ga abin tambaya ba, tunda a gidana suke kwana, harawata suke ci. Ita kuwa da ta leƙa turke ta ga igiya babu akuya, sai ta ɗauki mayafi ta yi yaji. In kwana biyu in je biko wurin mahaifinta, Malam Inuwa, mai karantar da littattafai a zaurensa. In durƙusa in ce na tuba, ya yi mini nasiha, ya ba ni matata. A karo na uku da ya rako ni ƙofa, maimakon sallama sai ya ce sai ka dawo, a gaban magidantan da ke ɗaukar karatu. Shi ke nan.

Yanzu duk wanda ya maimaita laifi a garin nan da sunan ake kiransa. Har wani bunsuru mai shiga gonakin mutane da damina ya samu. Wani ya ce mini wai maganar gandirobobi ce ga ɓarawon da suka san zai komo gidan yari. Ni ɓarawo ne? Wallahi abin yana ci mini rai.

Zulai tana gidansu, karo na shida, sati uku ke nan. Wata jar akuya na sayar, ashe wadda marigayiya mahaifiyarta ta bar mata ce. Abin daɗin dai, da na je biko Malam bai faɗi kalmar ba. Ko nasiha bai yi ba, Allah ya kiyaye hanya kawai ya ce, da alama ya gane kuskurensa. Zulai ce dai ba ta fito ba. Ki gaya mini asalin sunan nan, da yadda zan sa mai gari ya hana shi.

Wani bawan Allah, Likoro

Ɗana, sannu. Na yarda suna yana da ciwo, kuma da Malam ya faɗe shi daga shi sai kai da ya fi. Amma asalinsa kai ka rubuto mini shi da hannunka: turken Zulai ne. Ka bar gandirobobi su huta. Ka ma gode da sauƙin da aka yi maka, don mai maimaita laifi kangararre ake ce masa, wato wanda ya ƙi lanƙwasuwa kamar busasshiyar fata.

Akuyar mace dukiyarta ce, ko da harawar Likoro duka ta cinye. In kana ganin kana da haƙƙin harawa, baki gare ka, ka tambaya. Kada ka je wurin mai gari, zai tambaye ka dalilin sunan a gaban jama'a.

Gobe ka nemi dillalin da ya karɓi jar akuyar, ka bi sawunta ko Ikara ta kai. Ka fanso ta da masararka, ka ja ta da hannunka har zauren Malam, kawunka yana gaba.

Kuma ka daina murna. Duk ranar da dattijon nan ya ce maka sai ka dawo, nufinsa ƙofarsa a buɗe take gare ka. Wannan karon bai faɗa ba. Allah ya daidaita ku, ya sa ka sake jin sunan nan daga bakinsa ko sau ɗaya ne.

Gwaggo Bilki