Duwatsun da Kuka Shafa wa Farar Ƙasa na Kabarin Kakanmu Ne

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ke gyara tsohon Birni domin baƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni tela ne a Kara-Kara, kuma da ɓacin rai nake rubuto maka.

Na farko. A gindin ragowar ganuwa, gefen tafki, inda kuka share fili kuka zagaye da waya, nan kakan mahaifiyata yake kwance. Mutumin Barno ne, ya faɗi yana tsaron garin nan shekarar da Nasara suka shigo. Ba mu gina kabari, ka sani. Duwatsu aka jera masa da fasasshen tulu, shi ke nan. Bayan daminar bara ma'aikatanku suka kwashe su a matsayin shara, suka shafa musu farar ƙasa, suka jera a bakin hanyar baƙi don ado. Haba! Duk unguwar babu tsoho ɗaya da za a tambaya?

Na biyu. Da idona na ga yaronku mai jagora yana ba baƙi labarin jaruman da suka mutu a bakin ganuwa, yana kaɗa hannu, ana ta ɗaukar foto. Wallahi a filin da ɗaya daga cikinsu yake kwance suke tsaye, da takalmansu. Kunya ta hana ni magana, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Inna, mahaifiyata, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Tun tana yarinya take zuwa wurin ran Juma'a ta yi masa addu'a. Na kai ta, mai gadi ya ce sai da izinin buro, wato ofishinku. Na je buro, aka ce in dawo. Na dawo, aka ce kana tafiya. A bakin waya ta tsaya ta ɗaga hannu, ta share hawaye muka juyo.

Ba na ƙin baƙi, su zo su ga garinmu. Roƙona dai ku buɗe wa Inna ƙofa ta nuna wurin, a mayar da duwatsun, a kauce da hanyar. Ku hanzarta. Ni kaina, da kuka daidaita ƙasar, na kasa gane ainihin wurin. Ita kaɗai ta rage da ta sani, kuma tun azumi ba ta fita sai an riƙe ta.

Allah ya yi maka jagora, ya sa a san makwancinka bayan ranka.

Wassalam.
Mamman Tela, Kara-Kara, Damagaram.