Toivo Ya Juya wa Kwanonsa Baya

Malama Odile,

Don Allah ki taimake ni, na kai inda ban san abin da nake kallo ba. Na ɗauka, kamar yadda yawancin mutane ke ɗauka, idan an gano cuta an ba da magani to mai jinya ya huta. Ni kuwa tun da aka ba mu magani na kasa rarrabe abu uku: cutar ce, maganin ne, ko tsufa ne kawai.

Karena sunansa Toivo, shekararsa goma sha ɗaya, irin gajerun karnukan farautar zomo ne masu dogayen kunnuwa. Asali na mijina Arvo ne. Arvo ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mini gida, da kwalekwalen da ban iya tuƙawa ba, da Toivo. A watan Agustan bara ya fara shan ruwa ba ji ba gani, kwano biyar ko shida a yini. Abin da ya shiga kuwa sai ya fita, a kan darduma, a bakin ƙofa, har a ƙarƙashin teburin cin abinci ranar da na yi baƙi. Cikinsa ya zazzago, gashin gefensa ya zube, yana haki ko yana kwance. Ga ci. Ya koyi buɗe kwandon shara, ya taɓa cinye rabin burodin da na gasa wa taron mata na cocinmu.

Likitar dabbobinmu, Dakta Lindqvist, ta yi gwaje-gwaje ta ce cutar Cushing ce, wato jikinsa na fitar da wani sinadari fiye da kima. Ta rubuta masa kafso ɗaya kowace safiya tare da karin kumallo. Nakan ɓoye shi cikin ɗan cuku ya haɗiye. Ta ce za a riƙa ɗibar jininsa lokaci lokaci don a ga ko maganin ya isa.

To ni batun ɗibar jini ba a koya mini shi. Shekara ashirin da shida na yi a kan teburin karɓar mutane a ɗakin gwajin jini kafin na yi ritaya. Bakina ya gaji da faɗin kada a ci komai bayan abincin dare, ruwa kawai. Saboda haka duk ranar gwaji nakan ɗauke kwanonsa tun yammacin jajiberin ranar, da safe in buɗe bakinsa in tura kafson haka nan, ba cuku, don ko cuku ai abinci ne. A asibitin dabbobin sun ba ni wata takardar bayani, tana nan cikin mota, ban ga abin da za ta gaya mini wanda ban sani ba. Ina faɗa miki wannan ne don ki san ba sakaci nake yi da shi ba.

Gwaji na farko ya nuna maganin bai isa ba, aka ƙara daga miligiram talatin zuwa arba'in. Na biyu ma haka, aka kai shi sittin a farkon Janairu. Ni dai a gida na ga kamar ya fara samun sauƙi tun yana kan talatin, amma wace ce ni da zan yi gardama da sakamakon gwaji?

Da aka kai sittin sai shan ruwan ya ragu sosai. Na yi murna, har na wanke tsummokaran goge ƙasa na adana. Sai kuma ya fara barin abinci. Karen da ke buɗe kwandon shara, yanzu in ajiye masa kaza dafaffiya ya shinshina ya juya baya. Ya yi amai sau biyu a wannan makon. Ƙafafunsa na baya suna rawa. Matakala uku ce daga tsakar gida zuwa ƙofar baya, ba ya iya hawa, sai in ɗauke shi, kilo goma sha huɗu, a kan ƙanƙara, ni da na haura sittin. Bayana ya riƙe. Amma maganin ban tsallake ko rana ɗaya ba, ko ya ci ko bai ci ba sai na tura masa.

Kowace Asabar nakan je gidan yayata Marjatta mu shiga wankan tururi, kamar yadda muke yi tun muna yara. Asabar ɗin da ta wuce ta dube ni ta ce, "Ke fa Arvo kike jinya, ba kare ba. Dubi idanunki. Karen nan ya gaya miki ya gaji, ke ce kika toshe kunne." Na ce, "Yaya, ke da ko furen tukunya bai taɓa yin wata biyu a hannunki ba, ke za ki koya mini jinya?" Ta watsa ruwa a kan duwatsu masu zafi da ke ta da tururin ta ce, "Shi ya sa bayana lafiya lau, naki kuwa sai an taimaka miki sa safa." Muka yi dariya, amma maganarta ta bi ni har gida.

Ranar Litinin na buga waya asibitin na karɓi lokaci, Alhamis ta mako mai zuwa. Na ce musu ina so mu yi magana da likita kan allurar ƙarshe, wadda ke ɗauke ran dabba ba tare da wahala ba. Ga abin da ban gaya wa kowa ba: da na ajiye wayar sai na ji sauƙi a raina. Na zauna a kujerar kicin ina jin wannan sauƙin, ina jin kunyarsa.

Malama, ki gaya mini gaskiya. Idan na kai shi Alhamis, don shi zan yi ko don in huta? Idan kuma na fasa, don shi na fasa ko don kaina? Na gaji har ban yarda da tunanina ba.

Wadda ta gaji,
daga Thunder Bay


'Yar'uwata,

Bari in fara da shaida wa masu karatu cewa ban bar wannan wasiƙa ta jira ranar fitowar jarida ba. Ranar da ta iso na aika miki gajeren saƙo, kuma zan maimaita shi a nan saboda duk mai kare a kan irin wannan magani: kada ki ba shi kafson gobe, kuma ki buga wa likitarsa waya yau, ba Alhamis ba. Kare mai shan maganin Cushing da ya ƙi abinci, yana amai, ƙafafunsa na rawa, a ɗauka maganin ne ya yi masa yawa har sai likita ta tabbatar ba haka ba ne.

Ga dalili. Sinadarin da jikin Toivo ke fitarwa fiye da kima, jiki ba ya rayuwa sai da shi. Aikin maganin shi ne ya rage shi. Idan sinadarin ya yi yawa, kare ya sha ruwa, ya yi fitsari, ya ci kamar ba gobe, abin ya dami kowa, amma yakan ɗauki watanni kafin ya yi ɓarna. Idan kuwa ya yi ƙasa sosai, kwanaki kaɗan sun isa su kai kare ƙasa. Shi ya sa tsallake kafso ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, tura shi cikin karen da ya ƙi ci shi ne abin tsoro. Kin riƙe doka da gaskiya, sai dai ba a gaya miki inda dokar ta tsaya ba.

Yanzu batun azumin. Na karanta wannan sashe na wasiƙarki sau uku, kuma gobe zan karanta wa ɗalibaina masu koyon jinyar dabbobi, ba tare da na faɗi daga ina ya fito ba. Abin da kika shekara ashirin da shida kina gaya wa mutane daidai ne a gwajinsu. Wannan gwajin daban yake. Ba jinin Toivo kawai ake dubawa ba, ana duba yadda maganin ke aiki a jikinsa a rana irin ta kullum. Maganin kuma ba ya shiga jiki sosai sai da abinci. Ranar gwaji kin ba shi kafso a kan cikin da babu komai, kaɗan ya shiga, sakamako ya nuna bai isa ba, aka ƙara. Washegari kika koma ba shi da karin kumallo, ya shiga gaba ɗaya. Haka ta faru sau biyu. Mai yiwuwa ne idonki ya fi sakamakon gwajin gaskiya tun yana kan talatin.

Ba ke kaɗai ke da wannan kuskuren ba. Tambaya ɗaya ce ya kamata a yi miki kafin a ɗebi jinin: ya ci abinci da maganin yau? Da an yi ta, da ba mu zo nan ba. Ki gaya wa Dakta Lindqvist komai kamar yadda kika gaya mini, ba don a nemi mai laifi ba, sai don ba za ta iya gyara abin da ba ta sani ba. Za ta duba jininsa da gishirin da ke cikin jinin, wataƙila ta ƙara masa ruwa, ta ba shi wani magani na 'yan kwanaki, sannan daga baya a koma ƙaramin awo.

Ba zan yi miki alkawarin abin da ban gani ba. Ni ban taɓa Toivo da hannuna ba, kuma kare mai shekara goma sha ɗaya na iya ƙin abinci saboda ƙoda ko wata cuta dabam. Wasu karnukan ma ba sa farfaɗowa da wuri bayan maganin ya yi musu yawa. Amma da yawa sukan koma kan kwanonsu cikin 'yan kwanaki. Abin da nake so ki gane shi ne, karen da kike kallo a makonnin nan uku wataƙila ba shi ne ainihin Toivo ba, kuma ba a yanke hukunci irin na Alhamis a kan kare kafin a san wane ne ake kallo.

Yayarki ba muguwa ba ce. Ta ga ƙanwarta na ɗaukar kilo goma sha huɗu a kan ƙanƙara, ta faɗi abin da ya zo bakinta. Ta yi kuskure a kan karen, a ganina, amma ba ta yi kuskure a kanki ba. Tunda tana da bakin magana, ki ba ta aiki: ta zauna da shi yini ɗaya a mako ke ki kwanta ki miƙe bayanki. A kuma samo katako mai faɗi a ɗora a kan matakalar nan a shimfiɗa masa tsohuwar darduma, ya riƙa hawa da ƙafarsa.

Sauƙin da kika ji bayan wayar kuwa, na ji irinsa daga bakin mutane da yawa, kuma duk waɗanda suka fi kowa ɗawainiya ne. Gajiya ce ta yi magana. Ba ta rage komai daga abin da kika yi masa tun Agusta ba. Idan wata rana, bayan an daidaita maganin, likita da ke kuka ga ya fi wahala fiye da jin daɗi, to allurar ma kulawa ce, kuma ba zan zarge ki ba. Sai dai ranar ba ta zo ba tukuna. Kada ki soke lokacin Alhamis, ki mai da shi na duba yadda yake farfaɗowa.

In an koma ba shi magani, ki juya tsarin safiyarki. Abinci tukuna. Idan ya cinye da marmari, sai kafso. Idan ya ƙi, babu kafso, sai waya. Ranar gwaji ma haka, kuma ki rubuta ƙarfe nawa ya sha, don akan ɗebi jinin ne bayan wasu awanni ƙayyadaddu. Kada ki ɓare kafson ko ki farfasa shi, ki wanke hannu bayan kin taɓa shi, kuma kada ki taɓa hana shi ruwa don gudun fitsari.

Akwai wani ɗan aiki da zai maido miki da yarda da idonki, kuma ina gayyatar duk mai kare irin wannan ya gwada. Ki samo kofin awo na kicin. Kowace safiya ki auna ruwan da kika zuba masa, ki auna duk abin da kika ƙara, washegari ki auna abin da ya rage. Kare mai nauyin Toivo, in yana lafiya, ba ya cika wuce lita ɗaya a yini. Ki manna takarda a jikin firiji, ki rubuta ruwan, ki rubuta ya ci ko bai ci ba, ki ƙara kalma ɗaya a kan yadda ya wuni. Minti biyu ne aikin. Ki gwada na mako guda, ki tafi wa likita da takardar, ki ga yadda hirarku za ta canza.

Allah ya ba Toivo lafiya, ke kuma ya ba ki hutu.

Odile Charbonneau